Tsohuwar Dongola: Birnin Majami'u da Ya Zama Kufai

Kowane kufai da labarinsa. Wani yaƙi ne ya tashe shi, wani fari, wani annoba, wani kuwa rijiyoyinsa ne suka ƙafe. Amma akwai kufan da ba mai iya nuna rana ɗaya ya ce ran nan ne garin ya mutu, gama mutanensa sun yi ta zarewa da kaɗan da kaɗan, yau gida ɗaya gobe gida biyu, har aka wayi gari ba a ganin hayaƙin murhu ko ɗaya. Irin wannan ne kufan Tsohuwar Dongola, a arewacin ƙasar Sudan.

Wurin yana kan wani tudun dutse a gaɓar gabas ta Kogin Nilu, wajen kilomita 80 kudu da garin da ake kira Dongola a yau. Wanda ya je can zai tarar da kangayen tubali, da ginshiƙan dutse suna leƙowa daga cikin rairayi, da kaburbura masu kubba, da wani babban soro mai hawa biyu yana tsaye shi kaɗai a kan tudu. Ba kasuwa, ba unguwa. Amma wajen shekara 800 wannan wuri shi ne fadar wata daula ta baƙar fata Kirista, wadda ake kira Makuriya. Masu garin suna kiransa Tungul da harshensu. Ya kamata kowane mai bi ya san labarinsa, domin yana nuna yadda Bishara ta daɗe a Afirka, yana kuma nuna yadda Ikkilisiya mai ƙarfi takan shuɗe in ba ta yi tanadin gobe ba.

Asalin garin

Ƙasar da ke bakin Nilu daga Aswan ta Masar zuwa wajen Khartum ita ake kira Nubiya. A dā tana ƙarƙashin daular Kush, wadda fadarta ta ƙarshe take a Merowe. Daga wannan daula ne ma'ajin nan na sarauniya Kandakatu ya fito, wanda Filibus ya yi wa baftisma a hanyar Gaza, kamar yadda aka rubuta a Ayyukan Manzanni sura 8. Bayan da Merowe ta faɗi cikin ƙarni na 4, ƙasar ta rabu uku: Nobadiya a arewa, fadarta Faras, Makuriya a tsakiya, Alwa a kudu, fadarta Soba.

Wajen shekara ta 500 sarakunan Makuriya suka gina kagara a kan tudun Dongola, suka kewaye ta da ganuwar tubali da dutse wadda kaurinta ya fi mita 5. Sun iya zaɓen wuri. Daga kan tudun ana hangen duk jirgin da ke tafe a kogi, daga ƙetare kuma hanyoyin ayari suna nausawa cikin hamada. Arewa da garin akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fadama da ake kira Letti, ita ce rumbunsa.

Ruwan sama kusan babu shi a wannan ƙasa, don haka noma duk na ban ruwa ne. Abin da manoma suka dogara da shi wata babbar ƙafa ce ta katako, an ɗaɗɗaura mata tukwane, shanu suna kewayawa suna juya ta, tukwanen suna ɗebo ruwa daga kogi suna zubawa cikin hanyar da ta nufi gona. Larabawa suna kiranta sakiya, ta kuwa fi jigo aiki nesa ba kusa ba. Da ita aka noma alkama, da sha'ir, da dawa, da dabino, har da inabi.

Shigowar Bishara

Wajen shekara ta 543 wani firist mai suna Yuliyanus ya iso Nobadiya daga Kustantiniya, birnin da ake kira Istambul yanzu. Wani marubuci na zamanin, Yohanna na Afisa, ya ba da labari cewa zafin ƙasar ya dame shi ƙwarai, har yakan shige kogo mai ruwa tun da hantsi, ba ya fitowa sai la'asar. Duk da haka ya yi shekara biyu yana koyarwa, sarki da fadawansa suka karɓi baftisma. Makuriya ta karɓi bangaskiya wajen 569, a 573 kuma jakadunta suka isa Kustantiniya da kyautar hauren giwa da raƙumin dawa. Wani bishop mai suna Longinus ya kai Bishara Alwa a 580.

Mai karatu ya lura da waɗannan shekaru. Sai a 597 ne Agustin, wanda aka aiko daga Roma, ya isa ya yi wa Ingilishi wa'azi. Watau a lokacin da kakannin Turawan Ingila da yawa suke bautar gumaka, mutanen Dongola sun riga sun gina majami'u suna sujada cikin sunan Almasihu.

Yaƙin 652 da yarjejeniya

Larabawa Musulmi sun ci Masar tsakanin 639 da 642, sa'an nan suka juyo kudu. Karon farko bai yi musu daɗi ba. A 652 gwamnan Masar, Abdullahi ibn Sa'ad ibn Abi Sarh, ya zo da babbar runduna ya kewaye Dongola a zamanin sarki Kalidurut. Suka kafa wata irin babbar majaujawa mai jefa duwatsu, suka lalata babbar majami'ar garin, amma ganuwa ta gagare su. 'Yan bakan Nubiya sun shahara da iya saiti, har Larabawa suka yi musu laƙabi da masu harbin ƙwayar ido, saboda yawan sojojin da suka koma gida da ido ɗaya.

Da kowane ɓangare ya ga ba nasara, sai aka ƙulla yarjejeniya wadda ake kira Bakt. Bisa ga marubutan Larabawa, Nubiya za ta riƙa ba da bayi 360 kowace shekara, Masar kuma ta riƙa aiko da hatsi da tufafi da waɗansu kaya. Fataken kowane gefe suna iya ratsa ƙasar ɗayan, amma ban da zama. Wannan alkawari ya yi wajen shekara 600 yana aiki, ko da yake an sha karya shi ana gyarawa. Da wuya a sami yarjejeniya tsakanin Kirista da Musulmi da ta kai shi daɗewa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Zaman lafiyar nan da 'ya'yan mutane aka saye shi. Kowace shekara ana raba ɗaruruwan mutane da danginsu a kora su arewa, sarakunan da ke yin haka kuwa su ne masu gina majami'u. Wannan tabo ne a tarihin Makuriya, ƙawar gine-ginenta ba za ta shafe shi ba.

Zamanin albarka

Bayan yaƙin aka sake gina babbar majami'a da jan tubali da ginshiƙan dutse 16, su ne waɗanda ake gani a tsaye har wa yau. Nobadiya ta haɗu da Makuriya suka zama ƙasa ɗaya, Ikkilisiyar ƙasar kuma ta zauna ƙarƙashin Babban Uban Kibɗawa na Iskandariya. Littafin tarihin Kibɗawa ya ce wajen 747, sa'ad da gwamnan Masar ya kulle Babban Uba Mika'ilu a kurkuku, sarki Kiriyakos na Dongola ya ɗaura yaƙi ya shiga Masar domin a sake shi. A 836 kuma sarki Zakariya ya aiki ɗansa Jorjiyos wurin Halifa Mu'utasim na Bagadaza. Aka karɓe shi da girma, aka yafe bashin bayin da ya taru, aka kuma mai da biyan sau ɗaya a shekara uku.

Cikin wannan ƙarni na 9 ne aka gina wata babbar majami'a mai siffar gicciye, da soron nan mai hawa biyu, wanda tsayinsa ya kai mita 12. Yawancin masana suna ganin nan ne zauren da sarki yake zaman fada. A bayan ganuwa akwai gidajen masu hali, waɗansu har da ɗakin wanka mai ruwan zafi. Akwai kuma babban gidan 'yan zuhudu, inda aka sami zane-zane fiye da 100 a jikin bango: haihuwar Yesu, da mala'iku, da manzanni, da sarakuna da bishop-bishop na ƙasar, waɗanda aka zana da launin fatarsu. A nan aka binne Babban Bishop Jorjiyos, wanda ya rasu a 1113 yana da shekara 82. An cika bangon kabarinsa da rubutu, har da sassa na Linjila.

Harsuna uku ake karatu da su: Helenanci, da Kibɗanci, da harshen Nubiya kansa, wanda aka yi wa haruffa aka juya sassan Littafi Mai Tsarki a cikinsa. Bishop-bishop da yawa 'yan ƙasa ne. Amma akwai wani ƙulli guda: ba a iya keɓe bishop a Nubiya sai da hannun Babban Uba na Masar, shi kuwa yana zaune ƙarƙashin ikon sarakunan Masar. In hanya ta toshe, ba sabon bishop. In ba bishop, ba mai keɓe firist. In ba firist, ba mai ba da Jibin Ubangiji. Muddin sarki yana da ƙarfi, ba wanda ya ga haɗarin wannan.

Bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1272 sarki Dauda na Dongola ya kai hari Aizab, tashar jiragen alhazai da fatake a bakin Bahar Maliya, a 1275 kuma ya faɗa wa Aswan. A lokacin Mamlukawa ne ke mulkin Masar, sarkinsu Baibars, mayaƙi ne na gaske. Sai wani ɗan gidan sarauta mai suna Shekanda, wanda ke neman gadon Dauda, ya tafi Alkahira ya nemi taimako. A 1276 rundunar Masar ta zo tare da shi, ta ci Dauda da yaƙi, ta rushe ɗaya daga cikin manyan majami'un garin ta kwashe kayan zinariya da azurfa. Aka naɗa Shekanda bayan ya rantse zai yi wa Baibars biyayya, aka kuma ɗora wa jama'a jiziya. Garin da ya gagari runduna a 652, ɗan gida ne ya buɗe ƙofarsa.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk ɗan sarkin da ya ji an danne shi sai ya nufi Alkahira, ya dawo da sojoji. A 1316 Mamlukawa suka naɗa Abdullahi Barshambu, ɗan gidan sarauta ne amma Musulmi. Wani allon dutse da ke jikin soron nan mai hawa biyu ya nuna cewa a 1317 aka mai da shi masallaci. Ana cikin haka kabilun Larabawa makiyaya suna ta gangarowa daga Masar da garkunansu. A al'adar Nubiya ɗan 'yar'uwar sarki ne yakan gaji sarauta, masanin tarihin nan Ibn Haldun kuwa ya ce ta wannan hanya ce mulki ya koma hannun baƙi, gama manyansu sun auri 'ya'yan sarakuna.

Duk da haka Ikkilisiya ba ta mutu nan take ba. A Banganarti, tafiyar 'yan kilomita kaɗan daga Dongola, akwai majami'ar Mala'ika Rafa'ilu, inda masu ziyara suka bar rubuce-rubuce kusan 1,000 a bango, da yawansu na wannan zamani ne na wahala.

Ƙarshen fada ya zo a 1365. Marubucin Masar al-Makrizi ya ce wani ɗan 'yar'uwar sarki ya haɗa kai da Larabawan Banu Ja'ad ya kashe kawunsa. Daga baya ya gayyaci manyan Larabawan nan biki, ya sa aka cinna wa gidan wuta suna ciki. Da ƙura ta lafa, aka ga Dongola ta lalace, ba ta zaunuwa ga sarki. Sai fada ta koma Dau, can arewa kusa da iyakar Masar, ba ta kuwa sake dawowa ba.

Garke ba makiyayi

A arewa ragowar daular Kirista ta ƙara fiye da shekara 100. A 1964 masu tono suka buɗe wani kabari a Kasar Ibrim suka sami gawar Bishop Timoti, tare da dogayen takardu biyu na shaidar keɓewarsa, ɗaya da Kibɗanci ɗaya da Larabci, waɗanda suka nuna an keɓe shi a Masar wajen 1372. Sarkin Kirista na ƙarshe da aka san sunansa shi ne Yowel, wanda aka ambata a wata takarda ta 1484. Soba ma ta faɗi wajen 1500.

Labari mafi ban tausayi ya fito daga Habasha. Wani firist ɗan Fotugal, Faransisko Albares, ya zauna a can daga 1520 zuwa 1526. Ya rubuta cewa mutum shida sun zo daga Nubiya wurin sarkin Habasha suna roƙo a ba su firistoci da 'yan zuhudu su koya musu. Sarki ya amsa musu cewa shi kansa daga Masar ake aiko masa da bishop, ina zai sami na ba wani? Suka koma hannu wofi. Albares ya kuma ji daga bakin wani matafiyi cewa akwai majami'u wajen 150 a ƙasar, da gicciye da zane-zanensu, mutanen kuwa suna marmarin zama Kirista amma ba mai koya musu.

A wannan lokaci malaman Musulunci suna shigowa suna zama cikin jama'a, suna buɗe makarantun allo, suna aure a gari. Ana tunawa da Gulamullahi ibn A'id, wanda ya zo Dongola daga Yaman cikin ƙarni na 14. Kaburbura masu kubba da ke gefen kufan na irin waɗannan shehunai ne. Yaro yana bin wanda ya koya masa karatu. Jikokin waɗanda suka gina majami'u su ne suka zama Musulmin Dongola, abin da aka tono daga gidajensu kuma ya nuna canjin ya zo a hankali, cikin tsararraki da dama.

Mutuwa ta biyu

Tashin fada bai kashe garin ba. Bayan da aka kafa daular Funj a Sinnar a 1504, Dongola ta zama mazaunin wani ƙaramin sarki da ake kira mek, kuma zango ce ta ayarin da ke tsakanin Masar da Sinnar. Dawakinta sun yi suna ƙwarai, har yanzu masana dabbobi suna kiran dogayen dawakin Barno da na ƙasar Hausa irin Dongola. Amma wani likita Bafaranshe mai suna Ponse, wanda ya yada zango a can tsakanin 1698 da 1699, ya tarar da rabin titunan ba kowa, rairayi ya taru a cikinsu.

Cikin ƙarni na 18 mahayan kabilar Shaikiya suka yi ta kai wa yankin hari. Fatake suka sake hanya, kasuwa ta koma Shandi da Barbar. Inda ba a tsare manomi ba, sakiya takan tsaya. In ta tsaya, gona ta bushe, rairayi ya hau. Mutanen Dongola da yawa suka bar gida suka zama fatake a Kurdufan da Darfur.

A 1811 Muhammadu Ali, mai mulkin Masar, ya hallaka manyan Mamlukawa a Alkahira. Waɗanda suka tsira suka gudo kudu suka kafa sansani a gaɓar yamma ta Nilu. A 1820 rundunar ɗansa Isma'ila ta ci ƙasar, sabuwar gwamnati kuma ta mai da sansanin nan mazauninta. Ana kiransa al-Urdi, watau sansani da harshen Turkawa, shi ne ya gaji sunan Dongola. Harajin da aka ɗora a kan kowace sakiya ya ƙara korar manoma. Cikin ƙarni na 19 ragowar mutanen tsohon garin suka sauka daga tudu suka koma ƙauyukan kusa da gonaki, kamar Gaddar. Masallacin nan kaɗai aka ci gaba da zuwa salla a cikinsa har 1969, sa'ad da aka mai da shi kayan tarihi.

Abin da rairayi ya adana

A 1964 masana daga ƙasar Polan, ƙarƙashin Farfesa Kazimierz Michałowski, suka fara tono a wurin. Rairayin da ya binne garin shi ne ya adana zane-zanensa. A 2021 suka gano wata majami'a a tsakiyar birni wadda ake zaton ita ce mafi girma da aka taɓa samu a Nubiya. A farkon 2023 kuma suka sami waɗansu ƙananan ɗakuna, a bangon ɗaya an zana wani sarki ya sunkuya yana sumbatar hannun Almasihu, Mala'ika Mika'ilu ya rufe su da fikafikansa. Rubutun da ke gefe ya ambaci sarki Dauda, yana kuma roƙon Allah ya kiyaye birnin. Ana zaton Daudan nan ne da aka kora a 1276. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya tsai da tonon.

Abin koyi

Ganuwar Dongola ba ta taɓa zama abin zargi ba, ta yi aikinta. Abin da ya kā da garin daga ciki ya fito: 'yan'uwa masu neman sarauta ko da gidan zai ƙone, da Ikkilisiya wadda ta jingina da fada ta kuma jingina da wata ƙasa domin samun makiyayanta. Suna da Maganar Allah da harshensu, suna da gine-gine na ban mamaki, amma ranar da sarki ya tashi, hanyar Masar kuma ta toshe, ba a sami isassun masu koya wa yara a ƙauyuka ba.

Ikkilisiyar da ke jiran taimako daga waje kafin ta horar da mai bishara, ko ta biya malamin makarantar Lahadi, ko ta sa Littafi a hannun kowane gida, ya kamata ta tuna da mutum shida ɗin nan da suka taka har Habasha suka dawo hannu wofi. Wadda kuma shugabanninta ke jan juna gaban hukuma saboda kujera, ta tuna da Shekanda. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.